Ciwon Zarin Ci da Hukuncin Neman Maganinsa

Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya saukar da cuta ya kuma saukar da magani. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, ya 'yan'uwa, darasinmu na wannan mako ya shafi ciki.

Babu ɗalibin da ya zauna gaban malami bai ji cewa cika ciki abin zargi ba ne. Aya ta 31 ta Suratul A'arafi ta halatta ci da sha, ta hana wuce iyaka. Hadisin Miƙdamu ɗan Ma'adi Kariba, wanda Tirmizi ya ruwaito, ya kasa ciki kashi uku, na abinci da na ruwa da na numfashi. Imamu Gazali, wanda ya rasu cikin 1111, ya ware littafi guda cikin Ihya'u saboda karya sha'awar ciki da ta farji. Duk wannan gaskiya ne. Amma fa akwai mutumin da ya san waɗannan duka, ya ma fi mu jin zafinsu, ya yi tuba ba adadi, duk da haka ya kasa dainawa. A kansa muke magana.

Wani likitan ƙwaƙwalwa na Amurka, Albert Stunkard, shi ya fara siffanta halinsa cikin 1959. Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta karɓe shi a matsayin ciwo mai zaman kansa cikin 2013, Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta sa shi cikin jerin cututtukan da ya fara aiki a 2022. Alamarsa ita ce mutum ya cinye, cikin kamar sa'a biyu, abin da ya zarce cin mutane nesa ba kusa ba, yana ji a ransa ba shi da ikon tsame hannu. Yakan ci da gaggawa, ba tare da yunwa ba, har cikinsa ya ɗaure. In wannan ya riƙa aukuwa aƙalla sau ɗaya a mako har wata uku, likita zai kira shi ciwo. Yana kama maza da mata, kuma ba kowane mai shi ne mai ƙiba ba.

A nan ya kamata mai karatu ya bambanta shi da mai haɗama. Mai haɗama a gaban jama'a yake nannaɗe hannun riga, ya ci ya yi gyatsa ya tashi yana raha. Wannan kuwa a gaban mutane ɗan kaɗan yake taɓawa. Sai dare ya raba ya lallaɓa madafa, ya ci a tsaye, ya ɓoye kwano, sa'an nan ya kwana yana ƙyamar kansa. Sau da yawa baƙin ciki ne ko fargaba ko kaɗaici ke tura shi. Wanda ke cikin wannan hali in ka ƙara masa wa'azin tsoratarwa, itace ka ƙara wa wuta, domin kunyar nan ita ce ke mayar da shi ga kwano.

Akwai kuma tarkon da masu ibada suka fi faɗawa. Mutum ya yi mugun ci da dare, gari na wayewa ya ɗaura niyyar azumin nafila don ya hori kansa, ba sahur. Ya wuni da yunwa, magariba na yi sai igiya ta tsinke, ya ci fiye da na jiya. Likitoci sun tabbatar cewa tsananta wa kai da yunwa yana cikin manyan abubuwan da ke tayar da ciwon. Shari'a ma ba ta san azumin horo irin wannan ba. Manzon Allah (S.A.W.) ya kwaɗaitar da yin sahur, ya hana sahabbansa sadar da azumi da azumi babu buɗa baki. A ganina, mai wannan ciwo ya dakatar da nafila har ya sami sauƙi. Azumin Ramalana kuwa yana nan a wuyansa, sai fa in likita amintacce ya ga zai cutar da shi, a nan aya ta 185 ta Suratul Baƙara ta ba marar lafiya rangwamen ramawa.

To, neman magani fa, ya saɓa wa tawakkali? Ko kaɗan. Usamatu ɗan Shariku ya ruwaito cewa Larabawan ƙauye sun tambayi Annabi ko su yi magani, ya umurce su da yi. Kada kuma wani ya ce warkar da ciwon rai ta hanyar zantawa baƙon abu ne gare mu. Abu Zaidu Albalkhi, wanda ya rasu cikin 934, ya rubuta littafi kan gyaran jiki da rai, inda ya nuna yadda ake kawar da mugun tunani da kyakkyawan tunani. Kullum nakan yi mamakin yadda ɗalibanmu na Larabci ba su san sunansa ba.

Maganin da ya fi inganci a yau kusa yake da wannan, watau gyaran tunani da ɗabi'a a hannun masanin halayyar ɗan Adam. Zai sa marar lafiya ya riƙa rubuta abin da ya ci, da lokacin, da halin da zuciyarsa ke ciki, har ya gane abin da ke kunno masa ciwon. Sa'an nan ya tsara masa cin abinci sau uku a yini da ɗan abin taɓawa a tsakani, kada ya wuce sa'a uku ko huɗu bai ci ba. Mutane kan yi mamaki su ji an ce maganin yawan ci shi ne ci a kan kari, amma haka abin yake. Rage ƙiba ba shi ne farkon aiki ba. Akwai kuma ƙwayoyi, kamar Vyvanse da Amurka ta amince da shi cikin 2015, sai dai ba a shan su sai da izinin likita. A guji shayin rage teɓa da maganin zawo na 'yan talla.

Mai neman taimako ya fara da likitan asibitin da ke kusa da shi, ya nemi a tura shi sashen ƙwaƙwalwa na asibitin koyarwa, ko asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya irin na Kaduna da Maiduguri da Kware. Zuwa can ba shaidar hauka ba ce. In ya je ya faɗi kome, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ya kuma nemi a auna masa sukari da hawan jini, domin sukan biyo bayan wannan ciwo.

Ku kuma iyaye da mazaje da matan aure, ku bar kiransa acici, ku bar kulle masa tukunya da ƙirga masa loma. Aya ta 11 ta Suratul Hujurati ta hana jifan juna da miyagun laƙabobi. Ku zauna ku ci tare da shi a kan lokaci, ranar ganin likita kuma wani daga cikinku ya raka shi.