Piriton Na Atishawa Ne, Ba Na Barci Ba

Da zarar hunturu ya kama, ƙura ta turnuƙe gari, sai ka ga mutane na tururuwa zuwa kemis suna neman 'yar ƙwayar nan Piriton, wadda likitoci ke kira kulofenamin. Ba su yi laifi ba, domin tana tsayar da atishawa da zubar majina, tana kwantar da ƙaiƙayin ido da borin jini. Inda gizo ke saƙa shi ne wasu sun lura tana sa gyangyaɗi, suka mai da ita abokiyar kwana.

Ya kai mai karatu, ga yadda abin yake. A jikin mutum akwai wani sinadari mai suna histamin. Idan ƙura ko wani abinci ya tsokani jiki, shi ne ke fitowa ya kawo kumburi da ƙaiƙayi. Amma a cikin ƙwaƙwalwa aikinsa daban ne, shi ke riƙe mutum a farke. Tsofaffin magungunan nan, irin su Piriton da Phenergan da Benadryl, waɗanda duk aka haɗa su a shekarun 1940, ba sa tsayawa a hanci da fata. Ƙetarawa suke yi har ƙwaƙwalwa su toshe histamin a can ma. Ashe barcin da ake murna da shi ɓarna ce maganin ya yi a kan hanyarsa.

Wani zai ce, "To, ai ina sha ina barci, mene ne na damuwa?" Gaskiya ne, dare ɗaya ko biyu ga babban mutum mai lafiya ba abin tayar da hankali ba ne, musamman idan ƙaiƙayin ne ya hana shi runtsawa. Sai dai jiki na saurin sabawa. Cikin kwana uku ko huɗu ƙarfin sa barcin ya dushe, sai mutum ya fara haɗa biyu, ya koma uku, alhali ƙa'idar Piriton ga babba ita ce miligiram 4 duk bayan awa huɗu zuwa shida, kada a wuce miligiram 24 a yini. Kuma nauyin kan ba ya ƙarewa da kiran assalatu. A shekarar 2000 masana a Jami'ar Iowa ta Amurka sun gwada direbobi a na'urar kwaikwayon tuƙi, suka tarar sinadarin da ke cikin Benadryl ya fi giya lalata tuƙi. Direban da zai ɗauki fasinja daga Kano zuwa Kaduna da asuba, da ɗan acaba, da mai injin niƙa, su yi wa kansu hisabi.

Wani kuma ya ce da maganin yana da haɗari ba za a sayar ba tare da takardar likita ba, ga shi da arha. Araha dai ba ta ado. Ana sayar da shi a sake ne bisa zaton za a sha na ɗan lokaci. Ga tsoho, yakan busar da baki, ya taurara bayan gida, ya rikita tunani har ya faɗi ya karye. Dattijon da fitsari ke yi wa wuya, maganin yana iya tsayar masa da shi ɗungurungum. Abin da ya fi ɓacin rai shi ne uwar da ke ɗura wa yaro don ya daina kuka ta samu ta yi aiki. Wasu yaran ma maimakon barci sai su birkice, Phenergan kuwa an haramta bai wa yaron da bai kai shekara 2 ba, saboda yana iya danne numfashi.

Mai fama da ƙurar hunturu ya tambayi mai kemis setirizin ko loratadin, miligiram 10 sau ɗaya a yini, waɗanda da ƙyar suke isa ƙwaƙwalwa. Wanda kuwa ya yi makonni barci na ƙaurace masa, ya tafi asibiti a binciki dalili, ko damuwa ce, ko ciwo, ko goro da shayin da yake sha bayan isha'i.