Yadda Kirista Zai Warware Maganar Hadaya a Khartum da Omdurman

In Babbar Sallah ta matso, raguna kan cika kasuwar dabbobi ta Muwailih da ke yammacin Omdurman, har su malalo bakin tituna. Ranar layya kuwa nama na shiga gidajen maƙwabta, ciki har da na Kiristoci: Kibɗawan unguwar Masalma, mutanen duwatsun Nuba da ke zaune a Umbadda da Haj Yusuf, da Habashawa da 'yan Eritiriya. Nan ne tambaya kan taso. Tunda Littafi Mai Tsarki cike yake da dokokin yanka, shin suna kan Kirista har yau? Ga yadda mai neman amsa zai bi ta.

Da farko ya buɗe Littafin Firistoci, sura 1 zuwa 7, ya ga abin da aka umarta da idonsa. Hadayu biyar ne: ta ƙonawa, ta gari, ta salama, ta zunubi da ta laifi. Sura 16 ta ƙara da Ranar Kafara, wadda babban firist ke shiga wuri mafi tsarki da jini sau ɗaya a shekara. Ya lura da sharuɗɗan: firist daga zuriyar Haruna, dabba marar aibi, da wuri guda da Allah ya zaɓa, kamar yadda Maimaitawar Shari'a sura 12 ta gindaya. Wurin nan shi ne Haikalin Urushalima, wanda sojojin Roma suka rushe a shekara ta 70. Tun daga lokacin Yahudawa da kansu suka daina miƙa waɗannan hadayu. Saboda haka wanda ya kayar da rago a tsakar gidansa a Umbadda bai cika dokar Musa ba, ko da ya yi niyya.

Sai ya wuce Ibraniyawa sura 9 da 10, domin nan ne gindin maganar. Marubucin ya nuna cewa jinin bijimai da awaki bai taɓa kawar da zunubi ba, shi ya sa ake ta maimaita shi, kuma Yesu ya miƙa kansa sau ɗaya tak, aka gama. A kan wannan, Katolika na majami'ar Matiyu Mai Tsarki da ke bakin Nilu, da Kibɗawa, da Angilika, bakinsu ɗaya. Sun bambanta kan yadda suke fahimtar Jibin Ubangiji, amma babu bagadin da ake zubar da jinin dabba a kansa. Abin da firist Bakibɗe ke ɗagawa gurasar alkama ce da ruwan inabi.

Mataki na uku shi ne mai wuya, don a nan rayuwar Sudan ta shigo. Bahaushe ya san yanka ba iri ɗaya ba ne, haka ma mutumin Omdurman. Akwai karama, wadda ake yi in mara lafiya ya tashi ko matafiyi ya dawo, a yanka a tara jama'a a ci. Akwai ragon suna. Akwai kuma yankan zar, ɗan'uwan borin ƙasar Hausa, inda ake zubar da jini don lallashin iskoki. Kirista ya yi wa kowane yanka tambaya biyu: wa ake miƙa wa jinin, kuma me ake nema da shi? In godiya ce da ciyarwa, babu abin da ya hana. Mahaifin ɗan nan da ya ɓata a misalin Yesu ma ɗan maraƙi ya yanka da yaron ya dawo. In ana so a sayi gafara ne, ko a biya iska don ta saki mara lafiya, to ya janye hannunsa. Taron manzanni a Urushalima, a Ayyukan Manzanni sura 15, bai ɗora wa waɗanda ba Yahudawa ba dokar hadaya ko kaciya ba, amma ya hana su abin da aka yanka wa gumaka, da jini, da mushen da aka shaƙe, da fasikanci.

Naman layyar maƙwabci fa? Kiristoci da yawa suna karɓa da godiya, suna kafa hujja da 1 Korantiyawa sura 10, inda Bulus ya yarda a ci abin da ake sayarwa a kasuwa da abin da mai masauki ya kawo. Musulmi da sunan Allah yake yanka, yana tunawa da Ibrahim, kuma yana tsiyaye jinin sarai. Sai dai 'yan Orthodox na Habasha da yawa sun taso da al'adar cin yankan Kirista kaɗai. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba kada a tilasta masa, shi ma kada ya zargi mai ci. Romawa sura 14 ta yi wannan hukunci. Mai ƙin karɓa dai ya nemi lafazi mai taushi, don a Sudan mayar da kwanon maƙwabci ba ƙaramin abu ba ne.

Daga nan ya duba abin da ya rage a wuyansa. Ibraniyawa sura 13 ta kira yabon Allah da raba abin hannu da mabukata hadayun da Allah ke jin daɗinsu. A lokacin yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023, wanda ko cocin Mar Girgis na Masalma bai tsira daga hari ba, ɗakunan girkin unguwa da ake kira takaya ne suka riƙe dubban iyalai da wake da alkamar da aka samu. Kiristan da ya yi alkawarin rago don Allah ya fid da iyalinsa, ya fara sanar da fastonsa ko firist, a yi addu'ar godiya a coci. Sannan ya sa mahauci ya yanka, ya cire na gida kaɗan, ya kai sauran ga masu girkin unguwarsu.