Shirun cikin gida: wanne ne sutura, wanne ne cuta?



Ƴan uwa a cikin ɗarika, mu duka an rene mu a kan cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, abin gida a gida yake tsayawa. Tarbiyya ce mai kyau, kuma addini ya ƙarfafa ta, tunda an yi wa mai suturta musulmi alkawarin suturar Allah. Sai dai akwai wani shirun da ya ari rigar sutura alhali cuta yake ɓoyewa. Uba ya rasu shekara 10, gona tana hannun baffa ko babban wa, ba a raba ba, ɗiya mata ba su ga ko dami guda ba. Miji ya tafi biɗa Aljeriya ko Libiya ya daina aike, matar tana cin bashin hatsi tana murmushi a gidan biki. Ƙane ya faɗa shan tiramol, kowa ya sani, ba mai cewa uffan.

Abu biyu ke kulle bakin muridi a irin wannan hali: tsoron giba da tsoron saɓa wa manya. Duka tsoro ne na ƙwarai, amma malamai ba su bar mu cikin duhu ba. Imamu Nawawi, a Riyadus Salihin, ya kawo wurare 6 da ambaton aibin mutum a bayan idonsa yake halatta. Uku daga ciki sun shafe mu kai tsaye: wanda aka zalunta ya kai kuka wurin mai ikon ƙwato masa haƙƙi, neman taimako don gusar da ɓarna, da neman fatawa. Cikin hujjojinsa akwai Hindu ɗiyar Utba, wadda ta gaya wa Manzon Allah (SAW) cewa mijinta Abu Sufyan marowaci ne, ba ya ba ta abin da zai ishe ta da ɗanta. Bai tsawata mata don ta tona asirin miji ba. Izini ya ba ta ta ɗauki abin da zai wadace su gwargwadon al'ada. Haka Haulatu ɗiyar Sa'alaba ta kai ƙarar mijinta Ausu bin Samit, ta yi ta maimaita maganarta, har Allah ya saukar da farkon Suratul Mujadala, sura ta 58, yana ba da labarin cewa ya ji ta.

Maganar gado ce ta fi damuna, domin ita ce muka fi iya yi wa ado da sunan zumunci. Sai a ce raba gona raba kan gida ne. Amma Allah da kansa ya yanka wa kowa rabonsa a Suratun Nisa'i, ayoyi na 11 da 12 da 176, ya kira wannan rabo iyakokinsa, kuma dab da su, a aya ta 10, ya kwatanta cin dukiyar maraya da cusa wuta a ciki. Idan magada sun san rabonsu suka yarda a ci gaba da noma tare, ba laifi. Abin da ba ya halatta shi ne a ɗauki kunyar gwauruwa da ƴaƴanta a matsayin yarda. Mai riƙe da gonar ma abin tausayi ne. Wataƙila a sahu ɗaya muke zama da shi a wazifa, muna neman gafara tare, haƙƙin marayu yana wuyansa, mu kuma muna ganin shirunmu ladabi ne gare shi.

To, yaya za a yi maganar? A nan ne wuridi yake aiki. Lazimi da istigfari 100 yake farawa, kafin salati da hailala, kuma a ganina mai son buɗe maganar gida ya fi kowa bukatar wannan jerin. Ya fara binciken zuciyarsa: gyara yake nema ko huce haushi? Annabi Yaƙubu ya kai baƙin cikinsa ga Allah, kuma bayan haka ya umarci ɗiyansa su tafi neman Yusufu da ɗan uwansa. Kai kuka ga Ubangiji bai hana shi ɗaukar sababi ba. Sannan a duba yadda Annabi Ibrahim ya fuskanci babansa a Suratu Maryam, a kan shirka, laifin da ya fi kowane girma: sau 4 yana kiransa da kiran ɗa ga uba cikin taushi, da aka yi masa barazanar jifa kuma ya amsa da sallama. Biyayya ga iyaye tana cikin sharuɗɗan da muka karɓa tare da wuridi, don haka gaskiyarmu ba ta ba mu damar ɗaga murya ba. A durƙushe ma ana faɗin ta.

Mu ɗalibai muna da wata jarrabawa ta daban. Mun yi karatun shari'a ko na doka, mun koma gida hutu, muna ɗokin nuna mun sani. Dattijo ba zai karɓi hukunci daga bakin ɗan lakwal a gaban jama'a ba, ko da daidai ne. Ya fi kyau a fara da shi a keɓe. In bai yiwu ba, a nemi wanda yake jin nauyinsa: kawu, liman, ko muƙaddamin zawiya. Game da saɓanin miji da mata, aya ta 35 ta Nisa'i ta yi umarni da a tsayar da mai sulhu daga danginsa da wani daga danginta. Rikicin gona kuwa, in gida ya gaza, ana kai shi gaban mai gari ko sarki don sulhu kafin a je kotu. Facebook da zauren WhatsApp na dangi ba sa cikin wuraren da malamai suka yi wa rangwame, saboda waɗanda ke can ba su da ikon gyara komai, kallo kawai za su yi.

Akwai kuma halin da ba ya jiran hutu ko lokacin da ya dace. Idan ana dukan mace har ana ji mata rauni, ko ana lalata yaro, ko ƙwaya ta fara taɓa hankalin ɗan uwa, a kai marar lafiya likita a ranar, a sanar da hukuma inda ya wajaba, sulhun dangi ya biyo baya.