Janar Slim da Yaƙin Bama

Da wuya a sami wanda bai taɓa jin labarin Yaƙin Bama ba, domin mutanen ƙasarmu da yawa sun halarce shi. Ƙasar Bama tana gabas da Indiya, tun 1989 kuma ana kiranta Miyanma. A nan zan kawo tarihin Janar William Slim, wanda ya shugabanci sojojin Ingila a can.

An haifi Slim a Ingila cikin 1891. Ba ɗan sarauta ba ne, ya ma taɓa koyarwa a makarantar firamare kafin ya shiga soja. An ji masa rauni a Yaƙin Duniya na Ɗaya, daga baya ya koma rundunar Indiya.

A watan Maris na 1942 aka ba shi shugabancin sojojin da ke Bama, a lokacin Japanawa sun riga sun ci birnin Rangun. Bai iya tare su ba. Tilas ya janye da mutanensa tafiyar kusan mil 900 zuwa Indiya, ga yunwa, ga cuta, ga ruwan sama.

To, masu iya magana sun ce a bar duban inda aka faɗi, a dubi inda aka yi tuntuɓe. Da aka naɗa shi shugaban Runduna ta 14 cikin 1943, sai ya zauna ya binciki abin da ya jawo musu kaye. Da farko ya ga cuta, musamman zazzaɓin cizon sauro, ta fi harsashi kwantar da sojojinsa. Saboda haka ya tilasta shan maganin zazzaɓi kullum, hafsan da ya yi sakaci kuwa a tuɓe shi. Na biyu, Japanawa sukan zagaya ta cikin kurmi su tare hanyar abinci. Sai ya shirya jiragen sama su riƙa jefo wa sojoji abinci da harsashi, don ko an kewaye su kada su ja da baya. Na uku, ya riƙa zagayawa da kansa yana yi wa sojoji magana, har tsoron Japanawa ya fita daga zukatansu.

Amfanin wannan shiri ya bayyana a 1944, sa'ad da Japanawa suka kai hari Imfal da Kohima a ƙasar Indiya. Sojojin Slim suka dage, Japanawa kuwa guzurinsu ya ƙare, suka koma da mummunar hasara. Da ma da ruwan ciki ake jan na rijiya. A 1945 ya ƙwato Mandale, a watan Mayu kuma aka shiga Rangun.

Sojojin Afirka ta Yamma na Runduna ta 81 da ta 82, waɗanda akwai Hausawa da yawa cikinsu, sun yi yaƙi a kwarin Kaladan da yankin Arakan. Barikin Dalet na Kaduna da barikin Dodan na Ikko daga wuraren Bama suka samo sunayensu.

Slim ya zama Gwamna Janar na Ostireliya daga 1953 zuwa 1960, ya rasu cikin 1970.

Darasin da ke nan shi ne, wanda ya faɗi jarrabawa kada ya ɗora wa malami ko rashin sa'a laifi. Ya nemi inda ya yi tuntuɓe ya gyara. Allah ya ba mu sa'a, amin.