Shawara ga Mai Kai Yara Ziyarar Sakkwato

Duk magidancin Dogon Daji da ya ƙudura niyyar kai 'ya'yansa birnin Shehu, ya kamata ya yi sammako bayan sallar asuba, da guzurin fura da ruwa, domin ya wuce Shagari da Bodinga tun da sanyin safiya, gama zafin Sakkwato ba ya sassauta wa ƙananan yara. A fara da Hubbare, inda Mujaddadi Shehu Usmanu yake kwance tun wafatinsa a 1817. Amma kafin shiga, wajibi ne a karantar da su ladubban ziyara, su tuɓe takalma, su rage murya, su yi sallama da addu'a. Bayan azahar a leƙa Gidan Tarihin Waziri Junaidu. In kuwa sun gaji, kada a tilasta musu, a kamo hanya kafin magariba.