Darasin Wannan Mako: Kamu, Zanga-zanga da Bindiga, Me Doka Ta Ce?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai.

Mu mazauna Rikkos ba sai an ba mu labarin dokar hana fita ba. Mun ga ta Satumbar 2001, mun ga ta Nuwambar 2008 da ta Janairun 2010. Mun san yadda tumatir ke ruɓewa a kwando, mahauci ya rasa yadda zai yi da naman da ya yanka, uwa ta kwana tana jiran ɗan da aka kwashe a samame. Yanzu kuma ƙasa ta ɗauki muhawara a kan 'yan sanda, zanga-zanga da mallakar bindiga. Darasinmu na yau shi ne mu san abin da doka ta ba mu da abin da ta hana mu, domin rashin sani ya fi dare duhu.

Na ɗaya: idan an kama mutum

Sashe na 35 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 shi ne garkuwar wanda aka kama. Yana da damar yin shiru har sai ya gana da lauya ko wani da ya zaɓa. Dole a sanar da shi dalilin kamun a rubuce, cikin harshen da yake ji, kafin awa 24 ta cika. Dole kuma a kai shi kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotun da ta dace a tazarar kilomita 40, in babu, kwana biyu. A cikin garin Jos kuwa kotu ba ta yi mana nisa ba. Sai dai wannan wa'adi bai shafi wanda ake zargi da laifin da hukuncinsa kisa ne ba, kamar kisan kai ko fashi da makami.

Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta ƙara abubuwan da suka shafe mu kai tsaye. Ta hana kama wani a madadin wani. Wato in yaro ya gudu, ba a ɗaukar mahaifinsa ko matarsa ko ƙaninsa a ce sai ya fito. Ta kuma hana kama mutum a kan bashi ko saɓa alkawarin ciniki kawai. A nan sai mu 'yan kasuwa mu buɗe kunne. Wanda ya ba da kaya bashi, ya gaji da bi, ya kai ƙara caji ofis don a tsorata mai bashin, to ya sa an yi abin da doka ba ta yarda da shi ba, kuma gobe haka za a yi masa in dila ya biyo shi kuɗi. Maganar bashi ta shugabannin kasuwa ce, ta mai unguwa ce, in ta gagara ta kotu ce.

Beli a hannun 'yan sanda kyauta ne, su da kansu suna faɗa. Gaskiya ne abin da ke rubuce daban, abin da ake tararwa wani lokaci daban. Amma mai zuwa shi kaɗai cikin ruɗewa, da kuɗi dunƙule a hannu, shi ake fi tatsa. Wanda ya je da dattijo ɗaya ko biyu, ya yi magana da ladabi, ya nemi ganin DPO, ya rubuta rana da lokacin kamun, yakan ga sauƙi. In kwana ya wuce ba a kai kotu ba, akwai ofishin Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Ƙasa, akwai kuma hukumar gwamnati mai ba marasa hali lauya kyauta, wadda aka kafa tun 1976. A ja kunnen yara: kar su sa hannu a takardar da ba su karanta ba, ko ba a karanta musu ba. Kar kuma su yi kokawa da jami'i ko da sun san su ke da gaskiya. Gardamar ta gaban alƙali ce.

Na biyu: zanga-zanga

Sashe na 40 ya ba kowa 'yancin taruwa cikin lumana. A 2007 Kotun Ɗaukaka Ƙara, a shari'ar Sufeto Janar na 'yan sanda da jam'iyyar ANPP, ta yanke cewa tilasta neman izinin 'yan sanda kafin taro ya saɓa wa tsarin mulki. Ana sanar da su ne domin su ba da tsaro.

To amma mun ga fuska biyu a garin nan a watan Agustan 2024. A mahaɗar Tsohon Filin Jirgi an yi kwanaki ana zanga-zangar tsadar rayuwa lami lafiya, har Kiristoci suka tsaya gadi Musulmi suka yi salla. Kafin mako ya cika wasu ɓata-gari suka fara fasa shaguna, gwamnati ta sa dokar hana fita ta awa 24 a Jos da Bukuru. Wa ya yi asara? Mai shago da ɗan dako da mai tuyar ƙosai. Haka aka yi a Oktoban 2020 lokacin zanga-zangar EndSARS. Kuma ba mu manta yaran da aka gurfanar a Babbar Kotun Tarayya a Abuja ranar 1 ga Nuwamba 2024 ba, bayan wata uku a tsare, har wasunsu suka yanke jiki suka faɗi, kafin shugaban ƙasa ya ba da umarnin a sake su. Doka ta kare mai ɗaga kwali. Da zarar an ɗauki dutse ko an taɓa dukiyar wani, kariyar ta faɗi, kuma yaron da ya bi ayari don kallo shi ake fara damƙewa. Don haka uba ya tambayi ɗansa kafin ya fita: wa ya kira taron, me ake nema, ina za a tsaya?

Na uku: bindiga

Duk lokacin da aka kai hari sai a ji masu cewa kowa ya nemi tasa. Mun fahimci zafin da ke sa a faɗi haka. A Yunin 2022 gwamnatin Zamfara ta ce mutane su nemi lasisin bindiga, hukumomin tsaro na tarayya suka ce gwamna ba shi da wannan hurumi. Dokar makamai ta 1959 ta kasa bindigogi kashi uku. Irin na yaƙi da ƙananan na aljihu, sai da izinin shugaban ƙasa. Irin na harbin farauta, sai da lasisin Sufeto Janar. Hatta bindigar toka akwai ƙa'idar lasisinta a hannun kwamishinan 'yan sanda. Wanda aka samu da bindiga ba lasisi, hukuncinsa na iya kai ɗaurin shekara 10 ko fiye, kuma wanda aka ba ajiya ba zai tsira da cewa ba tasa ba ce.

Masu kafa hujja da Amurka su duba lissafin. Can tsarin mulki ya ba da damar riƙe bindiga, amma a 2021 kaɗai sama da mutum 48,000 ne suka mutu ta hanyarta, fiye da rabi su suka kashe kansu. A unguwa irin tamu, inda gida ke jingine da gida, ga matsalar sara-suka da shaye-shaye, bindigar da aka ɓoye don baƙin dare tana iya fara tashi a kan faɗan budurwa ko na ƙwallo. Samun ta a gida ɗaya kuma ya isa a kwashe samarin layi gaba ɗaya.

Game da 'yan sandan jihohi, tun Fabrairun 2024 shugaban ƙasa da gwamnoni suka amince a duba kafa su. Masu goyon baya na cewa ɗan gari ya fi sanin lungu. Masu ɗari-ɗari na tsoron gwamna zai mayar da su sandar dukan abokan hamayya. Mu tambayarmu ga wakilanmu ita ce: wa za a ɗauka aikin, daga waɗanne unguwanni, kuma ina wanda aka zalunta zai kai kuka?

Abin da muke roƙo a wannan mako kaɗan ne. Kowane layi ya ware dattawa biyu da za a kira in an yi kamu, a ajiye lambar lauya a wajen shugabannin kasuwa. 'Yan sintirinmu su yi rajista da ofishin 'yan sanda, in sun kama ɓarawo su miƙa shi da ransa da lafiyarsa, domin ɗaukar doka a hannu laifi ne babba. Iyaye mata, a riƙa duba abin da ake kawo wa yara ajiya a ɗaki. Wanda ya karanta wannan takarda ya karanta wa maƙwabcinsa.

Allah Ya ba garinmu da jiharmu zaman lafiya, Ya shirya mana zuriya, Ya sa albarka a kasuwanninmu. Amin.