Darasin Girki: Dafa Cinyar Alade ta Biki a Tukunyar Lantarki

Darasinmu na wannan wata a kan abincin biki na mutanen Amurka ne. Ran Kirsimeti da ran Ista, a gidaje da yawa na ƙasar nan, babban abin da a ke ɗorawa a tsakiyar tebur shi ne cinyar alade wadda aka jiƙa da gishiri, aka ƙyafe, aka shafe ta da maɗi har tana ƙyalli. Su kan kira ta ham. Nama ne mai tsada, na baƙi ne kuma. In uwargida ta kuskure dahuwarsa, ko dai ya bushe ya zama hasara, ko kuwa baƙi su koma gida da ciwon ciki. Domin wannan bari mu bi al'amarin daki daki.

1. Wane irin nama ne wannan?

Ham cinyar baya ce ta alade. Kafin a sami firiji, manoman Turai da na Amurka su kan yanka aladunsu da shigowar sanyi, su cuɗe cinyoyin da gishiri, su rataye su cikin hayaƙi. Gishiri ya kan janye ruwan nama, ya hana shi ruɓa. Cinyar da aka gyara haka wajen watan Nuwamba ta kan nuna wajen Maris ko Afrilu, daidai lokacin Ista. Wannan yana cikin dalilan da suka sa ta zama naman biki. A Suwidin da Finlan kuwa, teburin Kirsimeti aka fi saninta da shi.

Yawancin cinyoyin da a ke sayarwa a kantunan Amurka yau, an yi musu allurar ruwan gishiri da sukari da wani sinadari mai suna naitirait, an ƙyafe su, an kuma dafa su sarai tun a ma'aikata. Watau aikin uwargida ɗumamawa ne kawai. Naitirait ɗin nan shi ya ke sa naman ya zauna ja-ja ko bayan ya dahu. Saboda haka launi ba ya nuna mana ko ya nuna ko bai nuna ba.

Akwai kuma wadda aka yayyanka da inji kewaye da ƙashi, tana nan a haɗe amma a yanke. Wani mutum mai suna Harry Hoenselaar ne ya ƙago injin, ya buɗe kantinsa a birnin Ditiroit a 1957. Irin wannan tana da sauƙin rabawa, amma ta fi saurin bushewa.

Abu na fari ke nan: a karanta takardar da ke jikin naman. In an rubuta dafaffe ne, hanyarsa dabam. In an rubuta sai an dafa kafin a ci, ɗanye ne, hanyarsa dabam.

2. Labarin tukunyar

Tukunyar da mu ke magana a kai kasko ne mai kauri na yumɓu, mai murfi, wanda ke zaune cikin gidan ƙarfe. Wayar lantarki tana ɗumama shi a hankali, da wutar da ba ta fi ta ƙwan fitila biyu ko uku irin na dā ba.

Wanda ya ƙago ta Irving Naxon ne, Bayahuden birnin Cikago. Uwarsa ta ba shi labarin yadda a ke yi a garinsu, Bilniyus ta ƙasar Lituwaniya. Tun da shi ke Yahudawa ba su hura wuta ran Asabar, ran Jumma'a da yamma a kan kai tukunyar wake da nama gidan mai burodi, a sa ta cikin tanderu mai hucewa, ta kwana tana dahuwa. Naxon ya nemi hanyar yin haka da lantarki, ya sami takardar mallakar ƙirarsa a 1940. A 1970 kamfanin Rival na birnin Kansas ya sayi sana'arsa, a 1971 kuma ya fito da tukunyar da sunan Crock-Pot. Ta sami karɓuwa ƙwarai, gama a shekarun nan mata da yawa sun shiga aikin albashi, suna bukatar abincin da zai dafa kansa kafin su komo.

Amfaninta ran biki biyu ne. Tanderun gida ya kan cika da burodi da sauran toye-toye, sai ita ta ɗauki naman. Uwargida kuma tana iya ɗorawa da sassafe, ta tafi sujada tare da iyalinta, ta komo ta tarar nama ya yi. Tururin da ke cikin rufaffen kasko shi ya ke hana shi bushewa.

3. Kayan da a ke bukata

Cinya dafaffiya mai ƙashi, kilo 3, wadda za ta ishi mutum 12 zuwa 14.
Tukunya mai ɗan tsawo wadda ta ke cin lita 6.
Jan sukari kofi 1, watau giram 200. Mazarƙwaila dakakkiya tana iya tsayawa a madadinsa, gama ita ma ruwan rake ce da ba a tace ba.
Zuma rabin kofi.
Niƙaƙƙen mustad babban cokali 2.
Ruwan abarba kofi 1.
Garin kanumfari kaɗan, da garin kirfa rabin ƙaramin cokali.
Ma'aunin zafin nama, mai tsinken ƙarfe.

Kada a ƙara gishiri ko kaɗan, naman ya riga ya ƙoshi da shi. Zaƙin nan da tsamin abarba da yajin mustad, aikinsu ke nan su rage ƙarfin gishirin a baki.

A lura da abarba. Ɗanyar abarba tana da wani abu da ke narkar da nama. In ruwanta ya daɗe a jikin cinya, naman ya kan lagwaɓe kamar kunu. Wuta tana kashe ƙarfinsa. Saboda haka sai a yi amfani da ruwan na gwangwani, ko kuwa a tafasa na ɗanyar tukuna.

4. Yadda a ke dafawa

Na ɗaya, in naman daskararre ne, a bar shi cikin firiji kwana biyu ya saki. Ba a sa daskararren nama cikin wannan tukunya, gama zafinta a hankali ya ke hawa, tsakiyar naman kuwa za ta daɗe da ɗumi-ɗumi, inda ƙwayoyin cuta ke yaɗuwa.

Na biyu, tun kafin ranar biki a gwada ko cinyar tana shiga kaskon, murfi kuma ya rufu. In ta yi girma, a yanke abin da ya yi yawa a ajiye domin miya. Tukunyar da ba ta rufu ba ba ta tara zafi.

Na uku, in cinyar ba yankakkiya ba ce, a cire fata, a bar kitse kaɗan, a tsattsaga kitsen da wuƙa gicciye da gicciye, zurfin rabin santimita, domin maɗi ya sami wurin shiga.

Na huɗu, a zuba ruwan abarba a gindin kasko, a kifa cinyar, wajen da aka yanka yana ƙasa. A gauraya sukari da zuma da mustad da kayan ƙanshi, a shafa rabi a jikin naman, a ajiye rabi.

Na biyar, a rufe, a kunna tukunya a ƙaramar wuta, sa'a 4 zuwa 5. A yi haƙuri da buɗe murfi. Kowace buɗewa tana fitar da tururi, ta ƙara wa dahuwar wajen minti 20. A sa'a ta ƙarshe a buɗe sau ɗaya, a kwarfo romon a yayyafa a kai.

Na shida, a auna. A soka tsinken ma'auni inda naman ya fi kauri, kada ya taɓa ƙashi. Ma'aikatar Aikin Gona ta Amurka ta ba da ƙa'ida kamar haka. Dafaffiyar cinya wadda ta zo a rufe daga ma'aikatar da hukuma ke dubawa, a ɗumama ta har digiri 60 na Salsiyos, watau 140 a ma'aunin Amurka. Wadda aka buɗe aka sāke naɗewa a wani wuri, sai ta kai digiri 74. Ɗanya kuwa ta kai digiri 63, sa'an nan a bar ta ta huta minti 3 kafin a yanka. Da ta kai, a sauke. Ƙarin lokaci ba ya ƙara mata daɗi, sai dai ya matse ruwanta.

5. Ƙyallin maɗi

A nan ne mutane da yawa su kan yi mamaki. Sun buɗe tukunya, nama ya yi taushi, amma babu ƙyallin nan mai launin ƙasa-ƙasa da suka gani a hoto. Ga dalili. Sukari ba ya soyuwa ya yi ja sai zafi ya kai wajen digiri 160, cikin kasko mai ruwa da tururi kuwa zafi ba ya wuce 100. Maɗin narkewa kawai ya ke yi ya gangara ƙasa.

Maganin abin mai sauƙi ne. A fitar da cinyar a ɗora a faranti na ƙarfe. A kwashe kitsen da ya taso bisa romon, a ɗebi romo kofi ɗaya, a haɗa da sauran rabin maɗin a ƙaramar tukunya, a tafasa bisa wuta ana motsawa har ya yi kauri yana kama bayan cokali. A ɗanɗana, gama romon yana da gishiri. A shafe cinyar da shi, a sa ta cikin tanderu mai zafin digiri 220 wajen minti 10. Kada a bar wurin, domin zuma tana saurin ƙonewa ta yi ɗaci. Wanda ba shi da tanderu, maɗin mai kauri kaɗai ya isa ya ba da ƙyalli. A bar naman ya huta minti 15, sa'an nan a yanka.

6. Gargaɗi

Akwai wata ƙwayar cuta da ke zaune a fatar mutum da hancinsa, wadda gishiri ba ya hana ta girma. In hannu ya kai ta jikin nama, aka bar naman a fili, ta kan zuba dafi a ciki, sāke dafawa kuwa ba ya kashe dafin. Wanda ya ci, amai da zawo su kan kama shi cikin sa'o'i kaɗan. Saboda haka a wanke hannu, a raba nama da cokali mai yatsu, kada kuma ya wuce sa'a 2 a bisa tebur. In zafin gari ya wuce digiri 32, sa'a 1 ce kawai. Saura a yayyanka a sa firiji, a cinye cikin kwana 3 ko 4. Ƙashin kuwa a dafa wake da shi, kamar yadda mutanen kudancin Amurka su kan yi.

Ga masu son gwada wannan a ƙasarmu, akwai abu uku. Wutar gidajen Amurka bolt 120 ce, tamu 230, tukunyar da aka kawo daga can za ta ƙone in ba a sa mata na'urar rage wuta ba. In an ɗauke wuta ana cikin dahuwa, nan da nan a juye naman a ƙarasa shi bisa gawayi ko gas. In kuwa ba kowa a gida, ba a san tsawon lokacin da ya yi ba wuta ba, a zubar da shi, ko da ya ke da ciwo. Kuɗin nama bai kai kuɗin asibiti ba. Na uku, ɗanyar cinyar da a ke saya wurin mahauci ba ham ba ce. Alade mai yawo sake ya kan ɗauki ƙwayar tsila cikin namansa, don haka sai a dafa irin wannan ligif, har ba sauran ja a ciki. Kada kuma kowa ya yi ƙoƙarin auna naitirait da ka a gida, gama in ya yi yawa guba ne.

Har wa yau, naman nan na ranar biki ne. Mai hawan jini ya ci kaɗan saboda gishiri. A 2015 kuma reshen binciken ciwon daji na Hukumar Lafiya ta Duniya ya bayyana cewa yawan cin naman da aka adana da gishiri da hayaƙi yana ƙara hatsarin dajin hanji.

Sauran abu ɗaya. Musulmi da Yahudawa ba su cin alade, haka kuma waɗansu Kirista, kamar na ƙasar Habasha. Ran biki maƙwabta su kan shigo gaisuwa, a kan kuma aika musu da abinci. Wanda ya dafa naman nan ya ware masa tukunyarsa da wuƙarsa da farantinsa, ya tanadi kaza ko rago dabam domin baƙi, ya kuma faɗa wa kowa gaskiyar abin da ke cikin akushi tun bai sa hannu ba. Amanar maƙwabci ta fi kowane girki daraja.

Tambayoyi

1. Me ya sa launin ham ba ya nuna ko ya dahu?
2. Don me ba a sa daskararren nama cikin tukunyar?
3. Digiri nawa dafaffiyar cinya za ta kai, nawa kuma ɗanya?
4. Me ya hana maɗi yin ja cikin kasko, yaya kuma a ke gyara wannan?
5. In an ɗauke wuta ba kowa a gida, me za a yi da naman?